Ranar da Na Riƙe Wayar Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a Mafara ya san abin da hakan yake jawo wa mutum. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya tambayi wani, "Ina wancan?" In kuwa mu biyu ne kawai a zaure, sai ya yi gyaran murya ya fara magana yana duban bango, ni kuma in gane da ni ake. Kunyar ɗan fari ce. Haka ubansa ya yi masa, haka ni ma nake yi wa babbar 'yata yanzu, ban kuwa ƙi ta ba. Na san duk wannan sarai, amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba.

Ƙanena shi ne auta. Tsakanina da shi akwai mata huɗu, saboda haka da ya zo sai ya tarar da gida a buɗe. Shi ana kiran sunansa safe da yamma, har da wani sunan wasa da Baba ya laƙa masa. Yana shiga zaure ba tare da ya rage tsawo ba, ya zauna a gefen tabarmar Baba, su yi ta hira suna dariya kamar abokai. Ni ina gama firamare aka miƙa mini wuƙa, domin mu mahauta ne tun kakanni. Shi aka bar shi ya yi ta karatu har ya zama malamin makaranta a Bakura, yana zuwa yana dawowa a kan babur, rigarsa ba ɗigon jini. Ina ƙyashinsa. Tun yana yawo ba wando nake ƙyashinsa, kuma bai taɓa yi mini laifin da zan kama in ce ga dalili ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Baba yana da shanu bakwai da ya ba wani makiyayi kiwo a wajen Faru, a ƙasar Maradun. Ni na zaɓo kusan dukkansu a kara, kasuwar shanu, tun suna maruƙa, ni nake zuwa duba su, ni na san wacce take ƙin ruwan rijiya. Da daji ya lalace da 'yan bindiga, makiyayin ya aiko cewa zai tashi, a zo a karɓi dukiya tun ana ganin ta. Bayan kwana biyu Baba ya dubi bango ya ce a sayar. Ni na kora su zuwa kasuwar Talata, ni na sha rana, ni na yi ta ja da dillalai har muryata ta dushe. Da aka daidaita, mai saye ya ce shi ba ya yawo da tsabar kuɗi a wannan zamani, sai dai ta banki.

A nan auta ya shigo. Shi ya kai Baba aka buɗe masa asusu, shi ya cike takardu, shi ya sayo wata 'yar ƙaramar waya mai tocila aka sa mata layin da saƙon banki zai riƙa shigowa. Da suka dawo, Baba ya juya katin a hannunsa, ya duba gaba ya duba baya, ya miƙa wa auta tare da wayar, ya ce ya riƙe tunda shi ya san kansu. Ina zaune a wurin, ƙurar kara ba ta ma gama fita daga gashina ba. Ba wanda ya dube ni. Na tashi na ce zan je in duba fata, alhali ba wata fata da ta rage a ranar.

Auta ya ɗaure katin a bayan wayar da roba, ya riƙa yawo da su a aljihun gaba. Duk lokacin da wayar ta yi ƙara a zaure, sai ya ciro ta ya karanta wa Baba Turancin da ke ciki, ya fassara, Baba ya gyaɗa kai yana jin daɗi. Ni ina iya karanta Hausa, ina iya karanta lamba, amma Turanci sai dai in tsinci kalma ɗaya a bar ni da tara. Wata uku aka yi haka, ina haɗiye abin kullum.

Wata rana da safe, ina tsaye a rumfata ina sare ƙashi, sai ga shi a kan babur. An yi wa wani abokin aikinsa rasuwa a Maradun, zai je gaisuwa. A wannan hanya kuwa mutane sun daina shiga da wayar da take ɗauke da saƙon banki. In aka tare ka aka ga abin da ke ciki, kai da gida sai abin da Allah ya yi. Kowa yakan bar irin wannan waya a gida, ya tafi da wadda ba komai a cikinta. Ya gaishe ni, ya ciro wayar da katin ya miƙo.

Ya ce, "Yaya, riƙa min wagga, in sha Allahu kahin magariba na dawo. In an kira kak ka ɗauka."

Na goge hannu na karɓa. Maganarsa ta ƙarshe ce ta tsaya mini a wuya. Wato ni da na sayar da shanun ban isa in ɗauki waya ba. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya, na jefa ta a aljihu, na ci gaba da sarana da ƙarfin da ƙashin bai buƙata ba.

Bayan azahar kasuwa ta yi sanyi, nama ya ragu, ina zaune ina korar ƙuda. Wayar ta yi ƙara. Na bar ta ta katse. Ta sake yi. A karo na uku na ce wa kaina wayar ubana ce, ba ta auta ba, na danna.

Da na ji muryar wani baƙo mai karya harshe, da na kashe. Amma muryar dattijo ce mai sanyi, kuma Hausarmu yake yi tsantsa, kamar wanda aka haifa a bayan gidanmu. Ya yi sallama cikakkiya. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da kasuwa da ruwa, ya yi mana jajen halin da ƙasa take ciki. Bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Mu kuwa mutumin da ya tsaya ya gaishe ka haka, ka riga ka ba shi rabin yarda kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai da muka gama tsaf sannan ya ce daga banki yake, yana neman Alhaji.

Na ce, "Ba shi kusa."

"To da wa nika magana?"

"Ɗanai na, babba."

Na ji kamar ana buɗe takardu. Ya ce, "Babban? Alhamdu lillahi, Allah ya rage muna wahala. Ai kai muka nema. Hwaɗa min sunanka in gwada da wanda ag ga takarda."

Na faɗa masa, har da sunan kakana.

"Shi na, ba ko tantama. Ranar da Alhaji yaz zo buɗe asusu munka tambaye shi wa za a rubuta magajinai, wanda za a nema in wani abu ya taso. Da bakinai yah hwaɗi sunanka. Yac ce kai na babba, kai ka riƙon gida."

Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Ni na ba shi sunan da bakina, shi kuwa ya maido mini da shi kawai. Yaro ma zai gane. Amma a lokacin ban ji haka ba. Abin da na gani shi ne Baba zaune a gaban ma'aikacin banki, auta yana gefe da bironsa, an yi tambaya, Baba ya buɗe baki ya faɗi sunana, auta yana ji, kuma dole ya rubuta. Na fi shekara arba'in ina jiran wani ya ce mini haka ta faru. Idona ya kawo ruwa a tsakiyar kasuwa, na juya baya kada maƙwabcin rumfa ya gani.

Daga nan komai ya zo da sauƙi. Ya ce ana sabunta asusun tsofaffi, wanda ba a sabunta ba yau za a rufe shi, kuma buɗewa sai an je har Gusau an yi ta jeka ka dawo. Ya ce ba ya son a wahalar da dattijo. Ya tambaya ko katin yana kusa. Na ce ga shi a hannuna, kuma na faɗe shi da alfahari. Ya sa na karanta masa dogayen lambobin gaba, da ƙananan da ke ƙasansu, da guda uku na baya. Har ya gargaɗe ni.

Ya ce, "Lambar sirri ta Alhaji kak ka ba kowa, ko ni kak ka ba ni. Ɓarayi sun yi yawa."

Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, don na ce ɓarawo ba zai yi mini wa'azin ɓarayi ba. Ban ma san lambar sirrin ba, auta ne ya sani. Sai ya ce yanzu wani saƙo zai shigo, in duba in karanta masa lambobin da ke ciki. Saƙon ya shigo. Akwai Turanci layi biyu a tare da lambobin. Daga baya na ji cewa abin da Turancin yake faɗa shi ne kada a ba kowa waɗannan lambobi. Na tsallake shi kamar yadda na saba tsallake Turanci, na karanta masa abin da na iya. Ya ce bai shiga ba, wani zai zo. Na karanta na biyu, na karanta na uku. Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya ce in kashe wayar zuwa yamma don aikin ya zauna, in kuma gaishe da Alhaji.

Ban taɓa jin daɗin yini kamar wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya zo sayen nama bayan nan sai da na yi masa gyara mai kyau. Na rufe rumfa da wuri. Da na wuce ta zaure Baba yana zaune yana jan carbi, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban bango kamar kullum, ni kuwa na ce a raina, yi ta ɓoyewa, tsoho, na ji labari. Har na fara shirya yadda zan gaya wa auta cewa na gama wani aikin banki da ya taso ba ya nan, in faɗe shi a sauƙaƙe kamar ba komai ba.

Ya dawo ana shirin kiran magariba, ya same ni a ƙofar gida ina alwala. Na miƙa masa wayar, na ce an kira daga banki amma na kashe maganar. Ya tsaya da hular kwano a hannu.

"Yaya, kab ba su wani abu?"

"Abin da sunka tambaya na ba su. Ai ni anka rubuta."

Bai tambaye ni me aka rubuta ba. Ya kunna wayar, saƙonni suka riƙa shigowa suna bin juna, yana karantawa, ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya juya katin, ya kira lambar da take rubuce a bayansa da tasa wayar, ya yi ta magana da Turanci yana kai da kawowa, har aka tayar da salla ba mu shiga sahu ba. Da ya gama ya ce an toshe asusun. Ya ce abin da ya rage a ciki ba zai sayi maraƙi ba.

Washegari muka je banki tare. Aka karɓi ƙorafi, aka ba mu takarda muka cike, wata ma'aikaciya ta ce za a bi sawu amma kada mu sa rai da yawa, domin irin wannan kuɗi ba ya kwana a inda ya sauka. Ta ce su ba sa kiran mutum su nemi lambar kati ko lambar da aka turo masa, kuma duk wanda ya kira ya nema, ko da wace murya ya zo, a kashe a tako ƙafa a zo a tambaya. Tana magana tana duban auta, don shi ne mai fararen kaya. Ni ina tsaye a bayansa ina jin ƙarnin nama a jikina. A hanyar dawowa, ina bayan babur, sai da na kasa daurewa na tambaye shi ko da gaske akwai wurin da ake rubuta magaji a takardar. Shanu bakwai sun tafi, ni kuwa abin da yake cina ke nan. Ya ce, "Yaya, wanda yak kira ka bai taɓa ganin takardar ba."

Bayan la'asar muka shiga zaure. Auta ne ya yi bayani. Ya ce an kira, an yi yaudara, an karɓi lambobi, kuɗi sun fita. Duk a bakinsa "an" ne, ba wanda ya yi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi salati a hankali, ya ajiye carbi. Sannan ya ɗago ya dubi auta ido cikin ido, ya kira sunansa na yanka, ba na wasa ba.

Ya ce, "Wa yab ba su?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma auta ya riga ni.

"Baba, ni kab ba amana. Laihina na."

Bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya ba. Baba bai san ya bar mini wayar ba, ba kuma wanda ya sani sai mu biyu. Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Na jira kaina in yi magana, ita ma ba ta fito ba.

Ban taɓa jin Baba ya yi wa auta faɗa irin na ranar ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce ya sayar da gona ya biya masa makaranta don kada a cuce su da takarda, ga shi da takardar aka cuce su. Ya ce shanun nan su ne abin da ya tanada don kada ya zama kaya a kan kowa in ƙarfi ya ƙare. Ya ce ashe Turancin na karanta wa tsoho saƙo ne kawai a zaure. Auta ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Ni kuma, Allah ya yafe mini, a ƙarƙashin kunyar da ta rufe ni akwai wani ɗan wuri da yake jin sanyi, don yau ga auta a inda na saba zama.

Da ya gama, Baba ya miƙa hannu, auta ya ɗora masa wayar. Ya ajiye ta a tabarma, ya tura ta wajena da bayan hannu, yana duban bango.

Ya ce, "A ba wancan. Shi bai yi boko ba, amma bai taɓa ɓatar min da ko igiya ba."

Na sa hannu biyu na ɗauka.

Da aka ba da sabon kati, auta ya zo rumfata da kansa ya zauna a kan benci, ya koya mini abin da ya kamata. Ya nuna mini yadda saƙon banki na gaske yake zuwa, da lambar da zan kira in toshe asusu in na ji wani abu bai yi mini ba. Ya ce duk saƙon da ya zo da lambobi, nawa ne ni kaɗai, ko shi ya kira ya nema kada in ba shi. Ya ce in mai kira ya ce yau-yau ne ko a rufe, to shi ne alamar. Ya yi duk wannan kamar yana koya wa wanda bai taɓa jin labarin ba. Bai ce ai na gaya maka ba. Na so ya faɗa, da na sami abin riƙewa.

An kira ni sau biyu tun daga lokacin, har da wata mace mai muryar gidan rediyo, na kashe tun ba su gama gaisuwa ba. Ba wani abin kirki a asusun, sai ɗan abin da muke zubawa ni da auta duk wata don cefanen tsoho. Kuɗin shanu ba su dawo ba. Baba ya daina sunan wasan nan. Auta yana shigowa ya gaishe shi ya zauna nesa da tabarma, a yi maganar da ta zama dole, ya tashi. In baƙi sun zo ana hirar 'yan damfara, Baba yakan ce shi ma an taɓa shi, ta hannun mai ilimin gidan, auta yana zaune yana murmushin da bai kai ciki ba.

Damina biyu ke nan. Na sha yin niyyar faɗa. Nakan shirya maganar tun daga rumfa, in zo har bakin zaure, in ga tsohon ya ƙara ramewa, in ce yau kam sai na sauke. Da farko na ɗauka tsoron fushinsa ne yake mayar da ni, ko tsoron ya karɓe wayar. Na zauna na binciki kaina, na ga ba shi ba ne. Fushinsa zan iya ɗauka, na saba da bango. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne abin da zai biyo baya. Ranar da Baba ya ji cewa auta ya ɗauki laifin yayansa, ya sha faɗa, ya sha gori a gaban baƙi shekara biyu bai ce uffan ba, zai kira shi ya zaunar da shi a kan tabarmar nan, ya so shi fiye da yadda ya taɓa son sa. Ni kuma ina durƙushe a gefe ina kallo.

Shi ya sa har yau ban faɗa ba.